Maƙeran Sha'awa Na Ingila: Masu Ƙera Jirgin Ƙasa A Cikin Gidajensu

A garuruwan Ingila da dama, idan an tashi daga aiki an ci abincin dare, akwai waɗansu mutane da ba su zama gaban telebijin. Sai mutum ya tuɓe kwat da taye, ya sa wata tsohuwar riga duk maiƙo, ya nufi gareji ko kuwa wani ɗan ɗakin katako da ya kafa a ƙarshen lambunsa. A can zai shafe sa'a biyu ko uku yana fama da wani guntun ƙarfe wanda bai fi ɗan yatsa girma ba. Wani akawu ne, wani malamin makaranta, wani likita, wani kuwa tsohon ma'aikacin reluwe ne da ya yi ritaya. Ba wanda ya sa su, ba kuma wanda zai biya su ko kwabo.

Abin da suke ƙerawa shi ne ƙananan injuna masu aiki sosai da sosai: kan jirgin ƙasa mai tururi, injin mota, agogo, injin noma irin na da. Kan jirgin nan tsawonsa ba zai wuce ƙafa uku ko huɗu ba, amma ana zuba masa ruwa, a hura masa wuta da kwal, ya yi huci ya ja ƙattai goma a bayansa. Kafin a kai ga wannan rana, sau da yawa mai shi ya yi shekara biyar, ko goma, ko fiye, yana aikin. Da yake aiki ne mai cin rai, sai masu yinsa suka saba da ba juna labarin abin da kowa ya taɓuka a kowace rana, kome ƙanƙantarsa. Wannan ba da labari, in an duba da kyau, shi ne ya riƙe sana'ar fiye da shekara 120.

Asalin Al'adar

A shekarar 1898 ne wani mutumin Landan mai suna Percival Marshall ya fara buga wata mujalla mai suna Model Engineer, domin masu ƙere-ƙere a gida. A cikin shekarar nan kuma aka kafa ƙungiyarsu ta farko a Landan, wadda har yanzu tana nan, kuma an raɗa wa gidan da take taruwa sunan Marshall. A 1907 aka yi bikin nunin kayansu na farko a birnin, inda kowa ya kawo abin da ya ƙera jama'a suka gani.

Zamanin ya dace da abin. Ingila a lokacin cike take da masana'antu, dubban samari sun koyi aikin ƙarfe a wuraren ƙera jiragen ƙasa da na ruwa, kuma kan jirgi mai tururi shi ne abin da kowane yaro ke sha'awa. Kamfanoni irin su Stuart Turner na garin Henley suka shiga sayar da zubin ƙarfe ɗanye tare da zanen aiki, mutum ya saya ya kai gida ya sassaƙe da kansa har ya zama inji. Kamfanin Bassett-Lowke na Northampton kuwa yana sayar da ƙananan jirage ƙerarru ga masu hali.

To, amma mujallar Marshall ita ce dandali. Wanda ya gano wata dabara sai ya rubuto, wanda abu ya cije masa sai ya yi tambaya, bayan mako biyu ko uku wani daga can wani gari ya ba shi amsa. Ta haka mutumin da ke shi kaɗai a ɗan ɗakinsa ya sami malamai ɗaruruwa waɗanda bai taɓa gani da ido ba.

Gardamar Tukunya

Babu wanda ya fi tasiri a wannan fage kamar wani marubuci da ake kira LBSC. Sunansa Lawrence, abokansa kuwa suna ce masa Curly. An haife shi a 1883, ya tashi cikin talauci a Landan, ya kuma yi aiki tun yana saurayi a kamfanin jirgin ƙasa na Landan zuwa Brighton. Haruffan sunan kamfanin ne ya ɗauka ya mayar sunan da yake rubutu da shi.

A farkon shekarun 1920 aka yi wata muhawara mai zafi a shafuffukan mujallar. Masana irin su Henry Greenly, wanda injiniya ne sananne, suna ganin ƙaramin kan jirgi ya fi dacewa da tukunya mai sauƙi wadda ake ɗumamawa da wutar sifirit. Shi kuwa LBSC ya dage a kan cewa in an ƙera tukunyar daidai da ta babban jirgi, da murhunta da bututunta, aka kuma sa mata kwal na gaske, to, ƙaramin jirgi zai ja mutum. Da gardama ta ƙi ƙarewa a takarda, sai aka koma ga gwaji. A bikin nunin 1924 ya kawo kan jirginsa mai suna Ayesha, wanda faɗin hanyarsa inci biyu da rabi ne kacal. Aka hura wuta, ya hau ɗan keken da ke bayansa, jirgi ya ja shi gaban jama'a. Daga nan hankalin masu ƙira ya koma ga tukunyar kwal.

Bayan wannan, LBSC ya shiga rubutu mako-mako, ya kuma ci gaba shekaru da yawa, har zuwa rasuwarsa a 1967. Ya tsara kawunan jirgi fiye da 100. Yadda yake koyarwa shi ne abin lura. Ba ya tara wa mai karatu lissafi. A wannan mako zai bayyana yadda za a yanke ƙarfen gindi, mako mai zuwa ƙafafu, na gaba silinda, da kalmomin da lebura zai gane. Mutum yana iya bin sa daki-daki, shekara ɗaya ko biyu, har ya ga jirginsa yana tafiya. Wani ɗan ƙarami da ya tsara domin sababbin shiga, mai suna Tich, har gobe ana ƙera shi.

Kayan Aiki

Uwar ɗakin aikin ita ce injin sassaƙar ƙarfe. Aikinsa kishiyar na masassaƙin turmi ne. Masassaƙi yana ajiye icce wuri ɗaya ya riƙa sara da gizago. A nan kuwa ƙarfen ne ake damƙewa a bakin inji ya riƙa juyawa, sa'an nan a matso da wata 'yar wuƙa mai taurin gaske tana fere shi kaɗan-kaɗan, har ya zama sanda ko ƙafar jirgi ko fistin. Da shi ake huda rami, da shi ake yanka zaren noti. Wani Bature, Henry Maudslay, shi ne ya kyautata irin wannan inji wajen shekarar 1800, almajirinsa Joseph Whitworth kuma ya fito da ma'auni guda na zaren noti a 1841, domin notin da aka yi a wannan gari ya shiga kusar da aka yi a wancan.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin Myford da ke Beeston kusa da Nottingham ya fito da wani inji mai suna ML7 a 1946, ya bi shi da Super 7 a 1953. Girmansu ya yi daidai da tebur, kuɗinsu kuma ma'aikaci zai iya tarawa in ya yi tsimi. Waɗannan injuna suka shiga gidaje dubbai, har ya zamana yawancin zanen da ake bugawa a mujallu ana tsara shi ne yadda zai yiwu a kansu. Ban da wannan akwai injin huda ƙarfe, da magagari iri-iri, da zarto, da fitilar gas ta yin liƙi.

Sai kuma ma'auni. Ma'aunin da suka gada shi ne kashi ɗaya cikin dubu na inci. Domin mai karatu ya gane ƙanƙantarsa, silin gashin kan mutum yakan kai biyu zuwa huɗu na wannan awo. Fistin da ya fi raminsa da ɗigo ɗaya ba zai shiga ba, wanda kuma ya gaza da uku ko huɗu tururi zai riƙa zurarewa ta gefensa. Ƙarfe kuwa in an fere shi ya wuce, ba a mayar da shi. Saboda haka ake gargaɗin sabon shiga ya auna ya sake aunawa kafin ya sa wuƙa.

Girman jirgin ana ƙididdige shi ne da faɗin hanyarsa. Babbar hanyar jirgin Ingila faɗinta ƙafa 4 da inci 8 da rabi. Masu ƙira suna da hanyoyi uku da suka fi yawa: ta inci 3 da rabi, inda jirgi yake kashi ɗaya cikin 16 na babba, ta inci 5, wajen kashi ɗaya cikin 11, da ta inci 7 da kwata, kashi ɗaya cikin 8. Nauyi kuwa ya fi tsawo saurin raguwa, gama ana rage tsawo da faɗi da tsayi gaba ɗaya. Takwas sau takwas sau takwas 512 ke nan. Watau kan jirgi mai tan 100, in an ƙera shi kashi ɗaya cikin 8, nauyinsa zai tsaya wajen kilo 200. Ko hakan ma ya fi ƙarfin mutum ɗaya ya ɗaga.

Labarin Kowace Rana

Kan jirgi guda yana da sassa ɗaruruwa, in an haɗa da ƙusoshi da notuna sun haura dubu. Mai aikin ofis kuwa ba shi da fiye da sa'o'i kaɗan a mako. Idan ya tsaya yana hangen ranar gamawa, zuciyarsa za ta karaya. Abin da ke riƙe shi shi ne aikin yau kaɗai, da sanin cewa akwai waɗanda za su so jin yadda ya kaya.

Kusan kowane babban gari yana da ƙungiyar masu ƙira, da 'yar hanyar jirginsu a wani lambun shaƙatawa. A daren taro akan ajiye tebur, kowa ya ɗora abin da ya yi tun haɗuwar baya. Waɗansu suna da littafin da suke rubuta aikin kowace rana da awonsa. A yanzu kuma da waya ta zo, da yawa sukan ɗauki hoto da dare su aika wa abokai ta intanet. Hanyar ce ta sake, amma labarin bai sake ba.

In aka saurara, yawancin labarin ƙananan abubuwa ne. Wannan zai ce yau ya huda ramuka goma sha biyu, guda ɗaya ya karkace. Wancan zai ce ya kwana uku yana ƙera wani ɗan maƙalli wanda amfaninsa kawai ya riƙe wani sashe na minti biyar a sassaƙe shi. Wani ƙarfen yanka zare ne ya karye masa a cikin ramin silindar da ya yi wata guda yana aikinta, yana neman dabarar ciro shi ba tare da ya ɓata silindar ba. Wani kuma ba abin da ya yi sai share ɗaki da shafa wa inji mai, domin damshin hunturu na sa ƙarfe tsatsa cikin dare ɗaya.

Abin da baƙo zai fi mamaki shi ne yadda ba su ɓoye kuskure. Kowane ɗakin aiki yana da akwatin da ake jefa sassan da suka lalace, kuma mai shi ba ya jin kunyar nuna shi. Wanda ya kawo ɓataccen aiki gaban taro yakan fi wanda ya kawo mai kyau samun masu kewaye shi, gama kowa yana son ya san me ya jawo, ko wuƙa ce ta dakushe, ko gudun inji ya yi yawa, ko ƙarfen bai damƙu ba. Dattijon da ya yi shekara arba'in a masana'anta zai ɗauki abin ya jujjuya, ya faɗi dalili cikin kalma biyu. Irin wannan sani ba ya cikin littafi, a hannu yake da kunne, kuma ba ya fita daga bakin mai shi sai an kawo masa matsala. Ranar da mutum ya ɓoye ɓarnarsa, ya hana kansa darasi, ya kuma hana na bayansa.

Haka nan labarin yana hana kasala. Wanda ya faɗa wa abokai cewa ya fara tukunya, ya san za a tambaye shi inda aka kwana. Duk da haka ba kowa ke kai wa gaci ba. Akwai jirage da yawa da aka fara aka bari a ƙarƙashin tebur, sai bayan mai su ya rasu iyali su sayar, wani ya saya ya ƙarasa. Akan sami jirgin da hannun mutum biyu ko uku ya ratsa kafin ya ga wuta.

Inda Ba A Wasa

Akwai wuri ɗaya da sha'awa ba ta da ta cewa, watau tukunyar tururi. Da jan ƙarfe akan yi ta ga ƙananan jirage, a liƙe gaɓoɓinta da liƙin azurfa a kan wuta mai ƙarfi. Tururin da ke ciki yana danna kowane murabba'in inci da nauyin laba 80 zuwa 100. Idan irin wannan tukunya ta fashe, ga direba zaune dab da ita, ga yara a baya, abin ba zai yi kyau ba.

Saboda haka ƙungiyoyin suka ɗora wa kansu doka. Sabuwar tukunya sai an cika ta da ruwan sanyi, a matsa shi da famfo har ya ninka ƙarfin da za ta yi aiki da shi sau biyu, a zuba ido a ga ko za ta yi yoyo. Dalilin gwaji da ruwa shi ne ruwa ba ya matsuwa, in tukunya ta gaza sai dai ta tsage ta zubar, ba ta tashi kamar bam ba. Bayan wannan ana gwada ta da wuta kowace shekara, a tabbata bawul ɗin da ke sakin tururi in ya yi yawa yana aiki. Masu dubawa 'yan ƙungiya ne, amma ba a yarda mutum ya ba tukunyarsa takardar shaida da kansa ba, kome ƙwarewarsa. Wanda ba shi da takarda ba ya hura wuta a hanyar ƙungiya.

Gwanayen Fage

Ko da yake maza sun fi yawa, wadda mutane da dama ke ɗauka ita ce gwanar gwanaye mace ce, Cherry Hill, wadda aka haifa a 1931 ta rasu a 2024. Mahaifinta mai ƙera injunan gona ne, a ɗakin aikinsa ta koya. Ta zaɓi ƙera injunan tururi na noma da na hanya na ƙarni na 19, waɗansunsu ma babu ko ɗaya da ya rage a duniya. Sai ta bi tsofaffin takardu da zane-zane ta gano yadda suke, ta zana da kanta, ta ƙera kowane sashe har 'yan notuna, kashi ɗaya cikin 16. Kowane inji yakan ci mata sa'o'i dubbai, shi ya sa a cikin shekara kusan 60 abin da ta gama bai wuce 20 ba. Sau tara tana cin babban kofin bikin nuni, a shekarar 2000 kuma Sarauniya ta ba ta lambar girma ta MBE. Ba ta mayar da aikinta haja ba, yawancinsa ta ba ƙungiyar injiniyoyi ta Landan kyauta. Da ma an ce yau da gobe ta sa allura ginin rijiya.

Al'adar ta ƙetare teku tun da daɗewa. A Amurka, Walt Disney mai finafinan zane ya shimfiɗa hanyar jirgi mai tsawon kusan rabin mil kewaye da gidansa a Los Anjalas daga 1950 zuwa 1953. Da hannunsa ya yi waɗansu sassan, bayan wani ma'aikacinsa ya koya masa aikin inji. Wannan sha'awa tana cikin abubuwan da suka kai shi ga gina filin wasan Disneyland, wanda aka buɗe a 1955 da jirgin ƙasa yana kewaya shi.

Abin Da Ke Damunsu

Duk wanda ya leƙa taron ƙungiya a yau, abin da zai fara gani shi ne furfura. Duniyar da ta haifi sana'ar ta shuɗe. Hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta daina amfani da jirgin tururi a manyan hanyoyinta a watan Agusta na 1968. Masana'antun da ke horar da samari sun ragu ƙwarai. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 aka cusa darasin aikin ƙarfe cikin wani darasi mai faɗi na zane da fasaha, makarantu da yawa suka sayar da injunansu. Masana'antar Myford ta Beeston ta rufe a 2011, wani kamfani a yankin Yorkshire ya sayi sunan. Hatta kwal ya zama abin nema, gama ramin kwal mai zurfi na ƙarshe a ƙasar, watau Kellingley, an rufe shi a Disamba 2015, mahaƙar Ffos-y-fran ta ƙasar Wales kuma, wadda masu jirgin tururi suka dogara da ita, ta tsaya a 2023.

A ɗaya gefen kuwa, kayan aiki ba su taɓa araha kamar yanzu ba. Ƙananan injuna daga ƙasar Sin sun cika kasuwa. Akwai waɗanda kwamfuta ke tuƙawa, mutum ya zana sashe a allo inji ya sassaƙe. Dattawa sun rabu biyu a kan wannan. Waɗansu suna ganin wanda bai ji ƙarfe a tafin hannunsa ba bai ƙera kome ba. Waɗansu kuwa suna tuna musu cewa haka aka ce sa'ad da lantarki ya maye gurbin injin da ake takawa da ƙafa, kuma in wannan ce ƙofar da samari za su shigo, a bar ta a buɗe.

Asarar da ake tsoro ta wuce ta abin wasa. Mutumin da ya iya karanta zane, ya auna, ya fere ƙarfe daidai, shi ne wanda zai ƙera sashen da ya lalace a famfon ruwa ko injin asibiti in babu na saye. Injiniyoyi da yawa a Ingila daga irin wannan ɗaki na uba ko kaka suka fara. Yaron da ke haɗa motar kara ko ta gwangwani a zaure, irin ƙaiƙayin da ke hannunsa ke nan, abin da ya rage masa shi ne kayan aiki da babban da zai dubi abin da ya yi ya gaya masa inda ya kuskure.

Wannan ne ya sa ƙungiyoyin ke buɗe hanyoyinsu ga jama'a a ranakun hutu lokacin bazara. Ana biyan 'yan kuɗi kaɗan, yara su hau a zaga da su, kuɗin kuma a gyara hanya. Daga cikin ɗari da suka hau, akan sami ɗaya da zai ƙi tafiya bayan an sauka, ya tsaya yana kallon yadda direba ke zuba kwal da wani ɗan shebur kamar cokali. Irin wannan yaro shi dattawan ke jira. Sukan jawo shi kusa, su nuna masa ma'aunin ruwa da na tururi, su ce ya dawo mako mai zuwa tare da mahaifinsa ko mahaifiyarsa. In ya dawo, abin da ake fara danƙa masa shi ne magagari da guntun ƙarfe, a ce ya goge shi ya daidaita, ya kawo a gani.